Zangon karatu guda a Kolon: amsoshin tambayoyin da ake ta yi mini

Tun da na dawo daga Jamus tambayoyi ba su yanke ba. 'Yan ajinmu, ƙannena da ke digirin farko, har da iyaye mata masu 'ya'ya a jami'a, kowa da abin da yake son ji. Ni ɗaliba ce mai neman digiri na biyu a fannin kimiyyar harshe a wata jami'a da ke Arewacin Najeriya, kuma na yi zangon hunturu guda a Jami'ar Kolon a tsarin musayar ɗalibai. Na tattara tambayoyin da suka fi yawa a nan, na amsa su gwargwadon abin da na gani da idona. Adadin kuɗi da ƙa'idojin biza kan canza daga shekara zuwa shekara, don haka duk mai shirin tafiya ya sake tabbatar da su a lokacinsa.

Wane irin shiri ne wannan? Digiri kika je yi?

A'a. Ɗalibin musaya yana nan a matsayin ɗalibin jami'arsa ta gida. Yakan je wata jami'a na ɗan lokaci, ya ɗauki darussa ko ya ci gaba da bincikensa, ya dawo ya ƙarasa a inda ya fara. Takardar digirinsa ta gida ce.

Shirin da ya fi shahara shi ne Erasmus na Tarayyar Turai. An kafa shi a 1987 don ɗaliban Turai su riƙa zagayawa a tsakaninsu, sai a 2015 aka buɗe wani sashe nasa ga jami'o'in da ke wajen Turai, har da namu na Afirka. A tsarin yanzu ɗalibi kan yi daga wata 2 zuwa wata 12. Akwai kuma hukumar musayar ilimi ta Jamus, DAAD, wadda aka kafa a 1925 kuma hedikwatarta ke Bon. Tana ba da tallafin gajeren bincike da na kwasa-kwasan bazara. Wasu jami'o'in kuma suna da yarjejeniyarsu ta kai tsaye da juna.

Ta ina ake nema? Ko sai da hanya?

Ta jami'arku ake nema. Idan babu yarjejeniya tsakaninta da jami'ar can, babu gurbi, komai ƙoƙarin mutum. Kusan kowace babbar jami'a tana da ofishin hulɗa da jami'o'in ƙetare, amma ɗalibai da yawa har su gama ba su san inda ƙofarsa take ba. Ku je ku tambaya. Ku tambayi malaman sashenku da suka yi karatu a waje, don galibi yarjejeniyar daga abotar malami da malami take farawa.

Abin da aka nema a wajenmu: takardar sakamako, wasiƙar da ke bayyana abin da mutum zai je yi, wasiƙun malamai, da shaidar iya Turanci. Daga baya aka kira mu tattaunawa. A ganina wasiƙar nan ita ce ke raba gardama. Wanda ya rubuta cewa yana son ya ga duniya ya faɗaɗa tunaninsa bai faɗi komai ba, don kowa haka yake rubutawa. Ni na rubuta cewa ina da waƙoƙin daka da na niƙa da na ɗauka a rikoda daga bakin tsofaffin mata a ƙauyukan yankinmu, kuma ina son in koyi yadda ake rubuta su, a nazarce su, a adana su yadda ba za su salwanta ba.

Wani abu kuma: ba a sayar da gurbin Erasmus. Duk wanda ya ce ku turo kuɗi ya sama muku, ɗan damfara ne.

Wa ke biyan kuɗin, kuma yana isa?

A Erasmus ɗalibin da ya zo daga wajen Turai yana samun tsakanin Yuro 800 da 900 a wata, gwargwadon tsadar ƙasar da ya je, da wani kaso na kuɗin jirgi da ake lissafawa bisa nisan tafiya. Ba a biyan kuɗin makaranta. Sai dai a Jamus kowane ɗalibi yana biyan kuɗin zango, a Kolon kimanin Yuro 300, kuma a cikinsa har da tikitin shiga bas da jirgin ƙasa na tsawon zangon, wanda ya sa ba asara ba ce.

In an juya kuɗin zuwa Naira sai su yi kama da dukiya, kuma nan ne 'yan uwa ke fara lissafi. A can kuwa haya ce ke fara cinye kusan rabi, inshorar lafiya ta ɗauki nata, sannan kowane gida yana biyan Yuro 18.36 a wata na rediyo da talabijin, ko ana kallo ko ba a kallo. Mai girki da kansa, mai cin abinci a kantin ɗalibai, mai sayen rigar sanyi a gwanjo, zai isa har ya ɗan rage na tsaraba. Mai cin abinci a waje kullum ba zai kai ƙarshen wata ba.

A tanadi kuɗin makonnin farko daga gida. Kafin a buɗe asusun banki tallafin ya fara shigowa, akwai kuɗin ajiya na haya da kuɗin zango da sayayyar farko, duk a lokaci guda.

Biza fa?

Zaman da bai wuce kwana 90 ba bizar Shengen ake nema. Zango guda ya wuce haka, don haka bizar dogon zama ta ƙasar Jamus ce. Jamus tana da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas. Ana neman takardar karɓa daga jami'a, inshorar lafiya, da shaidar abin da mutum zai ci. Mai ɗaukar nauyin kansa sai ya zuba kuɗi a wani asusu da ake kullewa ana sakar masa kaɗan-kaɗan. Daga Satumban 2024 adadin ya kai Yuro 11,904 a shekara, wato 992 a wata. Mai tallafin karatu kuwa wasiƙar tallafin ce shaidarsa. Ranar da takardar karɓa ta iso, a ranar a fara neman layin ganawa. Fasfo ma a duba kwanan watansa tun kafin a cika fom ɗin farko.

Yaya kika yi da Baba har ya bar ki?

Wannan 'yan mata ne suka fi yi mini ita, cikin raɗa. Ban je masa da maganar ni kaɗai ba. Malamin da ke duba aikina, dattijo ne da Baba ke ganin girmansa, shi ya zo har gida ya zauna a zaure ya yi masa bayani: ga inda za ta sauka, ga wadda za ta kula da karatunta, ga ranar tafiya, ga ranar dawowa. Baba ya nemi fatawar malaminsa, ya yi kwanaki bai ce uffan ba, sannan wata rana bayan sallar isha'i ya kira ni ya ce, "Allah Ya tsare, ki riƙe mutuncinki da na gidan nan." Inna kuwa sharaɗinta guda ne, kullum sai ta ga fuskata a waya.

Iyaye ba ƙin ilimi suke yi ba, abin da ba su sani ba ne ke ba su tsoro. A kai musu takardun su gani, a faɗa musu gaskiyar komai, a bar su su yi tambaya. Kowane gida da irin nasa hukuncin, kuma ba zan ce wa kowa ta tafi ba da yardar iyayenta ko mijinta ba.

Me zan sa a jaka, me zan bari?

Kilishi da dambun nama da man shanu su zauna a gida. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga ƙasashen waje, kuma in aka kama za a ƙwace, wataƙila har da tara. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji da garin kunu su ne suka riƙe ni. A ƙulle daddawar da kyau, leda cikin leda.

A ɗauki ƙaramar buta, don banɗakunansu takarda kawai ake ajiyewa. A ɗauki kan soket mai ƙafa biyu zagayayyu. Rigar sanyi mai nauyi kuwa a bari sai an je can, don wadda muke sawa da hunturun gida ba ta yin komai a watan Janairun Jamus. A ɗauki kaya masu kyau na gida ko da kala biyu ne, atamfa ko shadda. Akwai ranakun da za a so a fito a san daga ina aka zo.

Daga Abuja akwai jirgi kai tsaye zuwa Frankfurt, tafiyar kamar awa shida, daga filin jirgin kuma jirgin ƙasa mai gudu yana kai mutum Kolon cikin kamar awa guda.

Makon farko ya yake?

Na takardu ne. Doka ta ce cikin kwana 14 da tarewa mutum ya je ofishin gari ya yi rajistar adireshinsa, da takarda daga mai gidan haya. Sai asusun banki, inshora, katin ɗalibi, layin waya. Jamusawa har yanzu da wasiƙar gidan waya suke aiki, don haka a manna suna a jikin akwatin wasiƙu tun ranar farko, in ba haka ba katin banki zai koma inda ya fito.

Ɗaki yana wuya a Kolon, gari ne mai mutum fiye da miliyan guda da ɗalibai dubbai. A nemi na ɗalibai tun daga gida. Kada a tura wa kowa kuɗin haya a kan ɗakin da aka gani a hoto kawai.

Sauran ƙananan abubuwa ne da ake koya da sauri. Shara kashi-kashi ce: takarda daban, leda da gwangwani daban, kwalba kuma a kai ta mazubinta bisa launinta. Gorar ruwa tana da kuɗin ajiya, santi 25, a mayar da ita cikin na'ura a kanti a karɓi abinsa. Ran Lahadi kantuna a rufe suke. Bayan ƙarfe goma na dare ba a hayaniya.

To, ajin nasu fa? Da gaske ya fi namu?

Ba zan ce malamansu sun fi namu ilimi ba. Ina da malamai a gida waɗanda ko a ina aka ajiye su za a miƙe musu. Bambancin yana wajen abin da ake jira daga ɗalibi.

Yawancin darussan digiri na biyu zaman tattaunawa ne, mutum goma sha wani abu a zagaye da tebur. Ana ba da abin karantawa mako guda kafin zama, maƙala ɗaya ko biyu. In an shigo, malama ba za ta karanto komai a rubuta ba. Tambayarta ta farko ita ce, me kuka gani a ciki, kuma ina ne marubucin bai gamsar da ku ba? A zaman farko na ga wani yaro da bai kai ni shekaru ba ya ce wa farfesa kai tsaye bai yarda da fassararta ba, ya buɗe shafi ya nuna dalilinsa. Gabana ya faɗi. Ita kuwa ta gyara gilashinta, ta duba shafin, ta ce yana da hujja, su duba tare. Mu da aka rene mu a kan cewa musu da babba rashin kunya ne, wannan sai an koya. Abin da na fahimta a hankali shi ne ladabi yana nan, wurinsa ne daban: ba a katse mai magana, ba a zuwa a makare, ba a zuwa ba a karanta ba. Wanda ya zo aji bai yi karatunsa ba shi ne marar kunya a wajensu.

Kowane ɗalibi yana da ranar da zai tsaya ya gabatar da wani batu, a ƙarshen zango kuma ya rubuta takarda mai shafi goma sha biyar zuwa ashirin. Kwafar aikin wani ba tare da ambaton mai shi ba laifi ne da kan kai ga faɗuwa nan take. Makinsu a juye yake da namu: 1.0 ne ƙololuwa, 4.0 tsira da ƙyar, 5.0 faɗuwa. In an tashi daga lacca ba a tafi, ƙwanƙwasa tebur ake yi da bayan yatsu.

Abin da ya fi shiga raina shi ne kowane malami yana da sa'a ta musamman a mako da ƙofarsa ke buɗe ga ɗalibai. A rubuta imel, a ba mutum lokaci, ya je ya same shi zaune yana jiransa, ya kuma riga ya karanta abin da aka tura masa. Wannan ba ya bukatar wutar lantarki ko gini mai hawa goma. Na san malamanmu suna fama da aji mai ɗaruruwan ɗalibai da albashin da ba ya kai wata, ba na ɗora musu laifi. Amma a matakin digiri na biyu, inda ba mu da yawa, abu ne da za mu iya.

Ba na jin Jamusanci. Zan iya?

Za a iya in darussan da aka zaɓa da Turanci ake yin su, kuma a digiri na biyu akwai irinsu da yawa. A tabbatar da harshen kowane darasi kafin a sa hannu. A jami'a kusan kowa yana jin Turanci; a ofishin gari da wajen tsofaffi ne ake shan wuya. Jami'a tana ba ɗaliban musaya darasin Jamusanci, a shiga. Gaisuwa da godiya da ƙirga kuɗi kaɗai suna sauya yadda mai kanti ke kallon mutum.

Bahaushiya ta je Jamus nazarin Hausa? Ba abin mamaki ba ne?

Kawuna ne ya fara yi mini wannan tambaya, kuma tana da nauyi. Alaƙar Jamusawa da harshenmu tsohuwa ce. Heinrich Barth, haifaffen Hamburg, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya rubuta bayanin kasuwarta da marinarta da unguwanninta. Da zai koma a 1855 ya tafi da samari biyu, ɗayansu Dorugu, Bahaushe daga ƙasar Damagaram, wanda daga bakinsa J. F. Schön ya rubuta labarai da tatsuniyoyi masu yawa da Hausa. Nakan tuna da Dorugu a tashar jirgi in sanyi ya ishe ni. Shi ma yaro ne da ya ga Turai, ya ba da labarinta da harshensa, ya dawo gida. A Kolon akwai cibiyar bincike mai sunan Barth. An daɗe ana koyar da Hausa a jami'o'in Hamburg, Leipzig, Frankfurt, Balin, Bayreuth da Kolon. Sashen Hausa na DW kuwa, da iyayenmu ke saurara tun 1963, a Kolon yake kafin gidan rediyon ya koma Bon a 2003, tafiyar rabin awa a jirgin ƙasa.

Ba Hausa na je koyo ba, wannan a nonon uwa na sha ta. Hanyar aiki na je koyo. An koya mini yadda ake jera sauti da rubutu daƙiƙa bayan daƙiƙa a manhajar ELAN, da yadda ake auna hawa da saukar murya a Praat. Dukansu kyauta ne, kowa zai iya saukewa a kwamfutarsa yau. An koya mini cewa kowane ɗauka sai an rubuta masa wa ya yi magana, a ina, yaushe, shekarunta nawa, kuma ta yarda a adana muryarta ko ba ta yarda ba. An koya mini ajiye komai a wuri fiye da ɗaya.

Ranar da na kunna wa ajin waƙar niƙa ta wata tsohuwa, ana jin gurzar dutse a ƙarƙashin muryarta, malamar ta sa na maimaita wani layi, ta nuna mana a allo yadda tsohuwar ke jan wasali daidai lokacin da hannunta ya kai ƙarshen dutsen ya juyo. Na saurari wannan waƙa ba adadi a gida, ban taɓa lura ba. Aji guda na baƙi suka yi shiru suna sauraron matar da ko makarantar boko ba ta shiga ba, suna rubuta tambayoyin da zan kai mata.

A laburaren sashen kuma na ɗauki tsofaffin littattafan Hausa da aka buga a Zariya, a jere, da lambobinsu, babu shafin da ya ɓace. Na yi murna, na kuma ji ciwo. Mu ke da harshen, mu ke da tsofaffin, amma kasakasai da takardu na lalacewa a ɗakunan ajiyarmu, gara da ɗumi suna cin su. Ba na jin haushin wanda ya adana. Ina dai ganin lokaci ya yi da ɗan Kano ko Maraɗi zai samu muryar kakarsa a gida ba sai ya nemi biza ba.

Salla da hijabi da abincin halal fa?

Kolon tana da Musulmi da yawa, akasarinsu 'yan asalin Turkiyya, sai Larabawa da 'yan Afirka. Babban masallacin yana unguwar Ehrenfeld, ba nisa da jami'a. An buɗe shi a hukumance a 2018, kuma tun Oktoban 2022 ake kiran sallar Juma'a da lasifika na 'yan mintuna. Akwai ƙananan masallatai a unguwanni da dama.

Abin da ke bukatar shiri shi ne lokutan salla. A Disamba azahar na shiga wajen sha biyu da rabi, la'asar biyu da 'yan mintuna, magariba kafin huɗu da rabi. Salloli uku cikin awa huɗu, a tsakiyar darussa. Ina yawo da 'yar darduma a jaka, ina riƙe alwala, ina neman kusurwa mai shiru. Mai zuwa da bazara kuma akasin haka zai tarar, rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe goma na dare.

Hijabina ban cire ba, babu kuma wanda ya ce in cire. Nama a mahautan Turkawa ake saye. A kantin ɗalibai ana rubuta abin da ke cikin kowane abinci, kuma kullum akwai na ganye zalla. A riƙa duba alewa da kek, don wasu da sinadarin alade ake haɗa su. Shagunan 'yan Afirka suna da doya, manja, gari da agada, da tsada dai. Shinkafarsu mai gajeren ƙwaya, wadda suke dafawa da madara, tana yin tuwo mai kyau ƙwarai. Ran da na gano haka na tuƙa shi da miyar kuka na kira maƙwabtana.

Sanyin ya kai yadda ake faɗa?

Sanyi ana maganinsa da tufafi. Duhun ne ba a ba ni labari ba. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi, ta faɗi wajen huɗu da rabi, a tsakani kuma sama a lulluɓe take da gajimare da yayyafi, wani lokaci mako guda ba a ga ƙwayar rana ba. Ga wadda ta tashi a gida mai cike da yara da sallama da ƙarar turmi, shirun ɗaki da yamma yana da nauyi. Na yi kuka, ba sau ɗaya ba.

Abin da ya taimake ni: fita kullum ko da zagayen unguwa ne, karatu a laburare cikin mutane maimakon a ɗaki, da girki tare da 'yan uwa ɗalibai daga Ghana da Kamaru da Sudan, waɗanda wasunsu da Hausa muke hira. Da hunturu agogon Jamus daidai yake da na Najeriya da Nijar, don haka kiran gida ba ya wahala. In abin ya yi tsanani, akwai masu ba ɗalibai shawara kyauta, kuma zuwa wajensu ba abin kunya ba ne.

Kin gamu da wariyar launin fata?

Na gamu. Wata rana a jirgin cikin gari wani mutum ya dube ni ya faɗi magana da ƙarfi, ban ji kalmomin ba amma na ji nufinsa. Wata dattijuwa ta tashi daga kujerarta ta zo ta zauna kusa da ni, ba ta ce komai ba har na sauka. Abin da ya fi yawa shi ne kallo, da tambayoyin rashin sani. Garin ma yana da tabonsa: a 2004 'yan ra'ayin Nazi sun tayar da bam a titin Keup, inda shagunan Turkawa suke, mutane da dama suka jikkata. Ba na ɓoye wannan, ba na kuma yarda a ce kowa haka yake. Alherin da na gani ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Kin samu ganin gari?

Kaɗan. Babbar majami'ar Kolon tana bakin tashar jirgi, tsayinta mita 157. An aza harsashinta a 1248 ba a gama ba sai 1880. Jami'ar kanta an kafa ta a 1388, Faransawa suka rufe ta a 1798, aka sake buɗewa a 1919. Na yi tafiya a bakin kogin Rhine, na je Bon. Ran 11 ga Nuwamba ake buɗe bikin gargajiyar garin, titunan kusa da jami'a su cika da masu shaye-shaye. Ranar na zauna a ɗaki.

Inda na daɗe shi ne gidan tarihi na Rautenstrauch-Joest, mai ɗauke da kayan tagulla na masarautar Benin da sojojin Ingila suka wawashe a 1897. A Disamban 2022 birnin ya mayar wa Najeriya mallakar fiye da guda 90. Duk ɗan Najeriya da ya je Kolon ya kamata ya shiga ya gani.

Ana iya yin aiki a samu ɗan kuɗi?

Doka ta ba ɗalibin da ba ɗan Tarayyar Turai ba damar aikin kwana 140 a shekara, amma a duba abin da aka rubuta a bizar mutum da sharuɗɗan tallafinsa. Shawarata ga mai zango guda ita ce ya haƙura. Ana fara darasi a Oktoba, kafin mutum ya gane hanyar laburare an shiga hutun ƙarshen shekara, a farkon Fabrairu an rufe. Lokacin bai isa a raba shi biyu ba.

Me ya sa ba ki yi zamanki ba? Wasu ai ba sa dawowa.

An ba ni wannan shawara a can, an kuma ba ni ita a nan. Wanda ya wuce wa'adin bizarsa ya zama mai ɓuya: ba karatu, ba aikin kirki, ba zuwa gida ko an yi rasuwa. Na ga irinsu, rayuwa ce mai ɗaci. Sannan ba kansa kaɗai ya cuta ba. Yarjejeniyar amana ce tsakanin jami'o'i biyu, in ɗalibi ɗaya ya gudu, 'yan bayansa ne za a rufe wa ƙofa.

Mai son komawa yin digiri na uku, hanyarsa ita ce ya dawo a kan lokaci da sakamako mai kyau da malamin da ya san aikinsa zai kuma rubuta masa wasiƙa. Ni dai aikina yana nan. Tsofaffin da nake ɗauka ba a Kolon suke ba, kuma ba za su jira ni ba. Ɗaya ta rasu ina can.

In an dawo, jami'ar gida tana karɓar makin?

Ya danganta da abin da aka yi kafin tafiya. Akwai takardar yarjejeniyar karatu da ɗalibi da jami'o'in biyu ke sa wa hannu, mai nuna darussan da zai ɗauka a can da waɗanda za su maye a gida. A tsarin Turai cikakken zango maki 30 ne, na nauyin darussa ba na jarrabawa ba, kowane maki kuma aikin awa 25 zuwa 30. A zauna da shugaban sashe da jami'in jarrabawa a daidaita wannan a rubuce, da hatimi, a riƙe kwafi. In an canza darasi bayan an isa, a gyara takardar nan take, kowa ya sake sa hannu.

A duba kalanda kuma. Tamu ba ta cika haɗuwa da tasu ba, balle tun bayan yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022 da ya hargitsa zanguna. Mai digirin farko zai iya dawowa ya tarar an yi jarrabawa babu shi, don haka ya nemi izinin jami'a a rubuce kafin ya tashi. Masu digiri na biyu da na uku da suka gama darussa suna kan bincike su ne abin ya fi yi wa sauƙi. Kafin a baro can a karɓi takardar sakamako da ta shaidar zama, a soke rajistar adireshi da inshora da kuɗin rediyo, a miƙa makullin ɗaki a karɓi kuɗin ajiya. In an iso gida a rubuta rahoto, a kuma nemi sashe ya ba da rana guda a tara ɗalibai a nuna musu abin da aka koyo. Mu yanzu duk ran Laraba muna haɗuwa da 'yan ajinmu, kowa da kwamfutarsa da abin da ya ɗauko daga garinsu, muna rubutawa.